Birki Kafin Gudu

Mu mutanen Gadarif da ƙarar inji muka tashi. Tun tsakiyar shekarun 1940, da Turawan Ingila suka fara noman dawa da tarakta a Gadambaliya, nan kusa da gari, arzikin wannan yanki ya ɗauru da ƙarfe da man dizal. Ruwa na sauka a watan Yuni taraktoci za su bazu cikin baƙar ƙasarmu, a Oktoba a yanki riɗi, bayansa a girbe dawa, manyan motoci su yi ta jigila har rani ya tsaga. Kakanninmu Hausawa da suka biyo hanyar Makka a ƙafa, wasu kafin yaƙin Burmi na 1903 wasu bayansa, da fartanya da lauje suka kafu a nan. Mu jikokinsu da yawa mun koma sifana da filaya. Ni aikin wayar mota nake yi, abin da ake kira kahrabaji a nan: batir, dinamo, fitilu, da duk wayar da ɓera ya ci a cikin tarakta lokacin da take ajiye.

A shekara ashirin da ɗoriya da na yi a wannan sana'a, aikin da ya fi tsaya mini a rai na wata 'yar mota ne da tsawonta bai wuce kamu guda ba. Ina so in ba da labarin yadda muka haɗa ta, da gardamar da ta jawo a gidanmu, domin gardamar ta shafi duk mai yaro a gabansa a wannan zamani, a Gadarif yake ko a Kano ko Maraɗi.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a watan Disamba. Ƙanwata tana aure a can. Ta iso mana da 'ya'yanta uku bayan kwana uku a hanyar da a da ake yi a rabin yini. Mijinta bai biyo su ba, domin mahaifiyarsa ba ta iya tashi daga kwance, ya ce ba zai bar ta ba. Kowa ya zo da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Babban ɗanta, mai shekara goma sha biyu, kwali ya rungumo. Uwar ta ce sau biyu tana cewa ya yar da shi a hanya, ya ƙi.

A cikin kwalin akwai motar tsere ta rimot, irin wadda ake kira bagi, mai faffaɗan tayoyi da dogayen shokozoba, wadda aka ƙera don gudu a turɓaya. Girmanta kashi ɗaya cikin goma na mota ta gaske. Uban ne ya saye ta ta hannu a Jidda lokacin da yake aiki can, gangar jikin daban, kayan wutar daban a cikin leda. Ya yi wa yaron alkawarin za su haɗa ta tare in an yi hutu, yaƙi ya riga hutun zuwa.

A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke a yawancin ƙasar. Namu na gabas sun dawo daga baya, na jihar Jazira, inda Madani take, suka daɗe shiru. Daga nan ba mu ƙara jin muryar uban yaran ba. Makarantu a rufe, wasu ma sun cika da 'yan gudun hijira. Yaron ya daina cin abincin kirki, ya daina magana sai an tambaye shi. Na fara tafiya da shi gareji don kada ya wuni yana kallon wayar uwarsa. Rana ta huɗu ya zo da kwalin, ya ajiye a kan benci, ya ce, "Kawu, za ka iya?" Na ce, "Kai za ka yi, ni zan tsaya a kanka."

Abin da na fara nuna masa shi ne motar ba ta da wani sirri da ya wuce na tarakta. Abubuwa biyar ne a cikinta. Akwai batir, shi ne tankin mai. Akwai inji mai waya uku, marar burushin gawayi irin na dinamo, shi ke juya tayoyi. Tsakanin su biyun akwai akwatin gudu, wanda aka rubuta ESC a jikinsa, shi ne totur da birki a haɗe. Akwai sarbo, wani ƙaramin inji mai giya a ciki da ke karkata tayoyin gaba, kamar hannun direba a kan sitiyari. Na biyar risiba, ɗan akwati kamar kwalin ashana mai siririyar eriya, ita ce kunnen motar. Sai rimot da ke hannun mutum, mai kunama kamar ta bindiga don gudu da birki, da 'yar taya a gefe don sitiyari.

Na sa shi ya zana komai a littafin makarantarsa kafin ya taɓa waya. Waya biyu masu kauri, ja da baƙa, daga batir zuwa akwatin gudu. Waya uku daga akwatin zuwa inji. Sai siraran wayoyi masu jere uku-uku da ke shiga risiba, na sarbo a rami na 1, na akwatin gudu a rami na 2. A kowane jere, jar da ke tsakiya ce ke kawo wuta, baƙar ke mayar da ita, farar kuma saƙo take ɗauka. Risiba ba ta da batir nata. Akwatin gudu ne ke rage wutar zuwa bolt 5 ko 6 ya ciyar da ita, ita da sarbo, ta wannan siririyar wayar. Saƙon kansa ɗan bugun wuta ne da ke zuwa wajen sau 50 a sakan guda, kuma tsawon bugun shi ne maganar. In ya kai kashi 1.5 cikin dubu na sakan, ana nufin a tsaya a tsakiya. In ya miƙe zuwa 2, a je gefe ɗaya har ƙarshe. In ya gajarce zuwa 1, a je ɗaya gefen. Ya dube ni ya ce, "Ke nan kalma uku kawai ta sani?" Na ce, "Uku, da abin da ke tsakaninsu."

Filogin batir da na akwatin gudu ba su dace da juna ba, dole a canza ɗaya. Kwana biyu ya yi yana koyon riƙe kawiya, wato ƙarfen narka dalma, a kan guntayen wayar tarakta. Wayar ake zafafawa har ita da kanta ta sha dalmar, kuma haɗi mai kyau yana sheƙi, ba ya dunƙulewa. A wajen batir, waya ɗaya ake yankewa a gama da ita a rufe ta kafin a taɓa ta biyun, don in ƙarfe ya haɗa ja da baƙa lokaci guda sai tartsatsi. Juya su kuwa sau ɗaya ya ishi akwatin gudu ya ƙone, kuma a lokacin babu inda za a samo wani, tunda Khartum da ake sayo irin waɗannan kaya ta zama fagen daga. Saboda haka muka kafa doka, ba a soka filogi sai an auna da mita.

Batirin na lithiyam ne, dangin na wayar hannu, mai ɗaki biyu, an rubuta bolt 7.4 a jikinsa. Kowane ɗaki in ya cika yana kai 4.2, ba a barinsa ya sauka ƙasa da 3, in kuma ajiye shi za a yi a bar shi a wajen 3.8. Irin wannan batir ba ya son zafi, ga shi a Gadarif zafin Afrilu yana haura 40 a ma'auni. In ya kumbura ya tashi daga aiki, in aka huda shi yana iya kamawa da wuta. Cajarsa tana karɓar bolt 12, sai muka riƙa jona ta da batirin tarakta, tunda wutar gari ba ta da tabbas. Muna sa shi cikin tsohuwar tukunyar ƙasa da yashi a gindinta, a inuwa, nesa da jarkokin dizal, kuma dole wani ya zauna kusa har ya cika.

Ranar da aka gama waya, yaron ya ɗauki motar zai sa a ƙasa. Na ce a'a, ɗora ta a kan bulo, tayoyi a sama. Na koya masa jerin kunnawa: rimot ne farkon kunnawa, shi ne kuma ƙarshen kashewa, don kada motar ta kasance a farke ba mai yi mata magana. Muka gabatar da risiba ga rimot har suka san juna. Na zamanin nan suna magana a zangon gigahaz 2.4, kowace risiba rimot ɗinta kaɗai take saurara, saɓanin tsofaffin na megahaz 27 da mota biyu kan karɓi umarnin juna. Muka nuna wa akwatin gudu ina ne tsakiya, ina ne ƙarshen totur, ina ne ƙarshen birki. Muka bar sarbo ya tsaya a tsakiyarsa kafin a ɗaura masa hannun sitiyari. Da ya ja kunama tayoyin suka juya baya. Na ce ya musanya kowace biyu cikin wayoyin inji uku. Ya musanya, suka juya gaba, ya yi murmushin da na jima ban gani ba.

Na ce saura abu ɗaya, kuma ya fi duk sauran. Na tambaye shi, in ka danne totur har ƙarshe sai batirin rimot ya mutu, ko motar ta yi nisan da ba ta jin ka, me za ta yi? Ya ce za ta tsaya. Na ce ba lallai ba. Wasu risiba, in ba a saita su ba, umarnin ƙarshe da suka ji suke riƙewa. Wannan mota ta haura kilo ɗaya da rabi, tana iya wuce kilomita 40 a awa, ga ƙananan yara, ga titi da raksha ke wucewa. Don haka tun yanzu, tana jin ka, ake gaya mata abin da za ta yi ranar da ta daina jin ka. Ya saki kunama ta koma tsakiya, ya danne ɗan maɓallin da ke jikin risiba har fitilarta ta ƙifta. Sannan muka gwada. Ya ja totur, tayoyi na ta juyi a iska, na miƙa hannu na kashe rimot. Suka tsaya cak. Sau uku muka maimaita. Na ce masa wannan ita ce wasiyyar da ake bar wa mota.

Ya yi shiru yana kallon tayoyin. Can ya ce, "Baba ma ya bar mana. Ya ce in muka daina jin sa kada mu koma, mu zauna wurinka." Na ce, "To, kun bi maganarsa." Muka koma kan giya. Ya sa siririyar takarda tsakanin haƙoran ƙaramin giya da babba, ya matse su, ya ɗaure noti, ya zare takardar, don ratar da ta bari ita ce daidai.

Motar ba ta yi sati biyu tana gudu a tsakar gida ba, sai ga abin da ya canza kallon da ake yi mata. A Afrilun 2024, ana gab da Ƙaramar Sallah, jirage marasa matuƙa, waɗanda a nan ake kira musayyara, suka kai hari cikin Gadarif. Garin da ake gudowa cikinsa ya fara kallon sama. Duk wani abu mai eriya da batir ya zama abin zargi, kuma ƙarar injin motar, wannan siririn kukan, ta sa wata maƙwabciyarmu da ta zo daga Khartum ta kwashe 'ya'yanta ta shige ɗaki.

Baffana, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya kira ni bayan Isha'i. Ya ce, "Kai da hankalinka, a irin wannan lokaci kake koya wa yaro sarrafa abu daga nesa? Abin da ke cikin motar nan ba shi ne ke cikin abin da ya faɗo mana daga sama ba?" Na ce, "Shi ne, Baffa." Ya ce, "To, in ya ƙware, su wa za su zo nemansa?"

Baffa bai taɓa riƙe kawiya ba, amma abin da ya faɗa gaskiya ne. Ƙananan jiragen nan masu fanka huɗu da ake ɗaura wa bam, da irin wannan inji suke tashi, da irin wannan batir, da akwatin gudu da risiba. Abin ma ba yau ya fara ba. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa ba waya a birnin New York na Amurka, kuma tun a lokacin shi kansa ya yi tunanin amfaninsa a yaƙi. Mu kuma muna cikin gari da ake kiran matasa su ɗauki makami, makarantu a kulle, iyaye da yawa ba a san inda suke ba.

Amsar da na ba shi ita ce har yau nake kanta. Na ce, "Baffa, ilimin nan ya riga ya shigo, yana cikin kowace wayar hannu. In na kulle kwalin nan ban hana shi sani ba, na dai cire kaina daga kusa da shi lokacin da zai sani." Yaron da ba shi da abin yi, zuciyarsa cike da rashin uba, shi ya fi sauƙin ja. Kuma hannun da ya iya auna bolt, ya iya dalma, ya san ja da baƙa, shi ne hannun da zai haɗa sola a rufin gida, ya tayar da famfon rijiya, ya gyara firijin asibitin ƙauye. Abin da babba zai iya yi shi ne ya zaɓi abin da zai fara koyarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka fara koya wa yadda zai tsayar da abu, da tunanin wa abin zai buge in ya kuɓuce, ya tashi da wata tambaya a kansa da ba kowane mai koyarwa ne zai sa masa ba.

Baffa bai ce ya gamsu ba. Ya gindaya sharuɗɗa huɗu: ba a kunna ta da dare, ba ta fita daga unguwa, ba za a haɗa wani abu mai tashi sama ba, kuma a kai wa mai unguwa ya gan ta da idonsa. Na karɓa duka. Washegari muka je, yaron ya buɗe motar a gaban dattawa, ya nuna musu kowace waya da aikinta, ya ɗora ta a kan bulo ya kashe rimot suka ga ta tsaya. Daga can muka biya wurin maƙwabciyar nan, ya miƙa wa ƙaramin ɗanta motar a kashe ya jujjuya ta a hannunsa.

Mai unguwa ya ba mu wani fili a bayan masallaci. Ƙasar Gadarif a rani tana tsagewa, wata tsagar ma ta isa ta haɗiye tayar motar, sai yara suka cike ramukan suka shata hanya da tsofaffin tayoyi da toka. Muka ɗaga gindin motar ta hanyar matse sifirin, muka sa mai mai ɗan kauri a shokozoba don ta rage tsalle. Saboda zafi muka sa ƙaramin giya mai ƙarancin haƙora, gudu ya ɗan ragu amma inji ya samu sauƙi. Bayan kowane zagaye biyar ana ɗora yatsa a kan inji, in ba a iya ƙirga biyar ba a bar ta ta huta. Na gaya musu ana gasar duniya ta irin wannan mota tun 1985, an fara a Kalifoniya. Mu motarmu ɗaya ce, don haka da agogon waya ake tseren, kowa da lokacinsa.

Dokar filin guda ce, kuma yaron ne ya tsare ta. Duk mai son tuƙi sai ya fara auna batir, ya kunna rimot kafin mota, ya ɗora ta a kan bulo ya gwada wasiyya a gaban kowa. Wanda ya yi gaggawa ya koma bayan layi. Yara fiye da goma suka bi ta wannan hanyar kafin ruwan Yuni ya mai da filin laka mai kama ƙafa, 'yan unguwa da 'yan hijira, har da wasu da ba sa jin Hausa. Lokacin da ya fi kowanne kyau na ƙanwarsa ne, mai shekara tara, domin ita ba ta jin kunyar taka birki kafin kwana.

Labarin uban ya zo cikin damina, saƙon murya ta intanet ɗin tauraron ɗan Adam da ake haya da awa. Yana raye, tsohuwar ta rasu, shi da maƙwabta suka binne ta. Yaron ya aika masa da hoton motar da na shafin da ya zana wayoyin. A Janairun 2025 aka kai hari tashar lantarki ta Shawak, gari ya shiga duhu. Yaron ya ɗauko batirin tarakta, ya haɗa wa matan layinmu wurin cajin waya da fitila biyu. Da na je dubawa na tarar ya sa fis a kan jar waya, dab da batir, ba tare da na gaya masa ba. A cikin watan ne hanyar Madani ta fara buɗewa, bayan 'yan watanni suka koma gida da motarsu.

Yanzu yara uku daga cikin na filin nan suna zuwa gareji. Wani lokaci Baffa yana biyowa ya zauna a kan benci yana kallon su, ba ya cewa komai, ni ma ba na tayar da maganar. Tambayarsa tana nan, kuma babu uba ko kawu ko malamin sana'a da zai iya rantsuwa a kan inda hannun yaro zai ƙare. Abin da ke hannuna shi ne ranar farko, kuma a ranar farko mita da fis nake miƙa wa kowannensu. Allah Ya shirya mana su, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.